Kyan ɗan maciji: sharhi a kan fentin injin tsohon babur



Cikin watannin nan na ga injin babur biyu a nan Maraɗi, dukansu tsofaffi, dukansu an yi musu sabon fenti. Na farko na wani ɗalibina ne na ajin manya, magidanci mai ƴaƴa huɗu. Ya sayar da wakensa da rago guda, ya haɗa da adashen maiɗakinsa, ya sayi babur na hannu don ya yi kabu-kabu. Na biyu na wani dattijo ne maƙwabcina, wanda ya kai nasa wurin wani tsohon makaniki a bayan tasha. Kowanne na tsuguna na dube shi da kyau, na tambayi masu shi, na kuma ga abin da ya zama bayan ƴan makonni. Ina so in auna ayyukan nan biyu a gabanku yadda ake auna zane a kasuwa: a dubi saƙa, a dubi rini, kana a yi maganar kuɗi.

Injin biyu iri ɗaya ne. Na dattijon Honda CG125 ne na asali. Na ɗalibina kwaikwayonsa ne ƙirar ƙasar Sin, irin waɗanda suka cika garuruwanmu tun daga shekarun 2000. Kamfanin Honda na Japan ya fito da CG125 a 1975. Kafin nan, a 1974, ya aiki ma'aikatansa suka zagaya ƙasashe irin su Tailan da Indunusiya da Pakistan, don su ga yadda talaka ke aiki da babur. Suka tarar ana ɗora masa mutane da kaya fiye da ƙima, ba a canza baƙin mai sai ya yi kauri, ba a zuwa wurin makaniki sai abu ya tsaya cak. Sai suka ƙera inji mai haƙuri, mai sauƙin kwancewa da ɗaurawa, wanda zai jure wa irin wannan zama. Injin nan ba shi da ruwan sanyayawa kamar na mota. Iska kaɗai ke sanyaya shi. Shi ya sa aka yi wa silinda da kanta haƙarƙari jere-jere, don iska ta ratsa tsakaninsu ta kwashe zafi. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Aikin farko

Ranar da ɗalibin nan ya zo aji da baburinsa, da maraice ne. Duk muka fito waje kallo. Injin yana sheƙi ruwan azurfa kamar sabon kwano, babu ɗigon mai ko ɗaya. Kowa ya ce Allah shi sa alheri, ni ma na ce. Sai da gari ya waye na gan shi cikin hasken rana, na sunkuya, hankalina ya soma tashi.

Fentin bai bar komi ba. Ya hau kan notuna, ya hau robar buji, ya hau bakin gaskit, wato takardar nan da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada mai ya fita. Ya hau wayar kuloci, har da ɗan feshi a kan taya. Wannan kaɗai ya isa ya gaya wa mutum cewa ba a kwance ko noti ɗaya ba, a tsaye aka fesa. Na sa farce tsakanin haƙarƙarin silinda na ɗan kankara. Fentin ya ɗago kamar ɓawon albasa, ƙarƙashinsa baƙin laka ne na tsohon mai da ƙura. Na nemi lambar inji a inda ake buga ta, na tarar fenti ya cike ta, ba a bambanta 3 da 8.

Laifin aikin nan na farko shi ne rashin wanki. Fenti ba ya kama maiƙo, ko wane iri ne, ko nawa aka saye shi. Wanda ya fesa shi a kan datti, dattin ya yi wa fenti, kuma ranar da dattin ya motsa tare za su faɗi. Abin da ya fi muni, lakar da ke maƙale tsakanin haƙarƙari ta toshe hanyar iska. Da an bar ta a buɗe, wanki ɗaya zai fitar da ita. Yanzu an rufe ta da fenti mai kauri, ta zama bargo. Ku tuna a watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yakan wuce digiri 40, ga ɗan kabu-kabu yana tafiya a hankali cikin cunkoson kasuwa inda iska ba ta bugun inji sosai. A irin wannan hali ne aka lulluɓe injin.

Laifi na biyu, fentin ba na inji ba ne. Irin wanda ake fesa wa ƙofa da taga da kujerar ƙarfe ne. In babur yana aiki, kan silinda kusa da buji yakan kai digiri 150 zuwa 200, bakin salansa kuwa inda wuta ke fita ya ninka haka. Fentin ƙofa ba a yi shi don wannan zafi ba. Akwai fentin da aka yi musamman don inji, wanda ke jure wa wajen digiri 260, akwai kuma na salansa da ke jure wa 600 ko fiye. A jikin gwangwani ake rubuta adadin, da manyan lambobi. Ko wanda bai iya Faransanci ba, in ya san lamba zai gane.

Laifi na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai. An yi fentin nan ne don a rufe abin da ya kamata mai saye ya gani. Mako uku bai cika ba, kewayen buji ya koma ruwan ƙasa, ya soma ɓamɓarewa. Inda fetur ke ɗiga daga kafireta ya wanke hanya ya bar zane. Sai wata safiya ɗalibina ya ga baƙin layi siriri a ƙasan inji, gefen hagu. Da aka kankare wurin sai ga tsaga, tsawon ɗan yatsa, an cusa mata gam an shafe an fesa fenti a kai. Baƙin man da injin nan ke ɗauka duka-duka wajen lita ɗaya ne. In yana zuba kaɗan-kaɗan mutum bai lura ba, wata rana fistan zai kame a tsakiyar hanya, daga nan sai sayen kayan ciki. Allah ya taimake shi ya gani da wuri, amma kuɗin waldar alminiyam da kwana uku ba aiki sun cinye abin da ya tara. Wata rana kuma masu binciken takardu a hanya suka nemi su gwada lambar inji da wadda ke cikin takardar babur. Aikinsu suke yi. Lamba ba ta karantuwa, sai da ya ɓata rabin yini ana goge ta da tina.

Na je na sami mai fentin. Bai yi musu ba. Ya ce, "Malam, ni fenti aka ce in yi. Abin da dillali ya ba ni ko kuɗin gwangwanin kirki bai kai ba. Kuma in na bar inji da baƙinsa, wa zai taya?" Akwai gaskiya a maganarsa, kuma ba zan ɓoye ta ba. Mu masu saye mu muka koya wa dillalai cewa da ido muke ciniki. Amma gaskiyar tasa ba ta wanke aikin ba. Malamanmu sun sha gaya mana cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa. Wanda ya ga tsaga ya fesa fenti a kanta ya san abin da hannunsa ke yi, ko da ba shi ya karɓi kuɗin babur ba.

Aiki na biyu

Tsohon makanikin nan kwana biyar ya yi da injin dattijo. Dattijon har ya soma ƙorafi. Na riƙa leƙawa in na taso daga aiki, don haka abin da zan faɗa na gani da idona.

Kafin ya taɓa fenti sai da ya nemi ciwon injin. Ya wanke shi, ya bar shi ya bushe, ya barbaɗa toka mai laushi a duk mahaɗa, ya tayar da shi na ɗan lokaci. Inda toka ta yi baƙi, nan mai ke fita. Wuri biyu ya samu: gindin silinda da robar da ke tare mai a sandar giya. Ya sauke injin daga jikin babur, ya canza su. Ya ce mini, "Malam, in ka yi fenti kafin gyara, sifana za ta ɓata maka aikinka, mai kuma zai ɓata sauran."

Daga nan wanki. Ya toshe ramin buji da hanyar kafireta da ta salansa da tsumma mai tsabta. Ya jiƙa tsohon maiƙo da kananzir, ya bi tsakanin haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya da tsinke da tsohon buroshin haƙori. Ya bi da ruwa da garin sabulu har sau uku, ya shanya a rana. Wani yaro ya kawo shawarar a sa soda ta yin sabulu don aiki ya yi sauri. Tsohon ya daka masa tsawa, kuma yana da gaskiya: sodar nan tana cin alminiyam, ta bar shi baƙi da ƙananan ramuka. Haka nan ya ƙi kai injin wurin masu fesa yashi da iska, don ƙwayar yashi kaɗan in ta shiga hanyar mai ta isa ta cinye inji daga ciki.

Sai guga. Injunan Japan na wancan zamani, da yawa an rufe murfunansu na gefe da wani farin shafi mai kama da gilas. In ya tsufa yakan yi rawaya ya tsattsage, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa, alminiyam ya fito da farin gari kamar kanwa. Wannan farin gari shi ne tsatsar alminiyam. Tsohon ya bi shi da samfefa, ya fara da mai kaushi lamba 220, ya koma 400, ya ƙare da 600 da ɗan ruwa. A ranar da ya gama guga a ranar ya yi fenti, don alminiyam da zarar ya sha iska yake soma yin sabuwar fata, kuma hannun mutum ma yana barin maiƙo. Ya share da tina da farin ƙyalle, sai da ƙyallen ya daina baƙi ya tsaya.

Ya ɗauki tef da tsohuwar takarda ya rufe duk inda fenti ba shi da hurumi: fuskokin da gaskit ke zama, robobi, sandar kik da ta giya, bakin zuba mai, wurin da wayar wuta ke kama jikin inji, da lambar inji. Ya zaɓi safiya kafin iska ta taso, ya yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Ya girgiza gwangwani sosai, ya riƙe shi nesa da inji kamar santimita 25 zuwa 30. Shafin farko ko rufe ƙarfen bai yi ba, ana hango shi ta ciki. Ya jira kamar minti 15 ya ƙara na biyu, ya sake jira ya ƙara na uku. Shi ke nan. Silinda da kanta ya yi musu baƙi marar sheƙi, gangar jikin inji ruwan azurfa, murfunan gefe ya bar su ba fenti, ya goge su da man goge ƙarfe.

Bayan an ɗaura injin bai bar dattijo ya hau ba. Ya tayar da shi minti goma ya kashe, ya bar shi ya huce. Ya sake tayarwa minti ashirin ya kashe. Fentin zafi ba ya ƙosawa sai ya sha zafi a hankali, kamar tukunyar ƙasa da ba ta riƙe ruwa sai an gasa ta. Kafin ya gasu, ɗigon fetur ɗaya zai narke shi.

In aka jera babura biyun nan a rana, na ɗalibina zai fara jan ido a makon farko, ba shakka. Na dattijo ba ya ihu. Amma ka sunkuya ka gani: haƙarƙari a buɗe, ana hango haske ta tsakaninsu. Kan notuna fari tas, bakin kowane gaskit a bayyane, lamba tana karantuwa daga tsaye. In mai ya soma fita gobe, a ranar za a gan shi. Wata biyu ke nan, fentin bai ɗago ko'ina ba. A wurina wannan shi ne ma'aunin fentin inji: ya kare ƙarfe, ya bar wa iska hanya, kada ya ɓoye wa mai abu komi.

Wasu sun ce tsohon ya yi kuskure da ya sa baƙi, wai baƙi yana jawo zafi. Sun ɗauki hukuncin riga sun ɗora wa inji. Baƙar riga tana shan zafin rana daga waje. Inji kuwa daga cikinsa wuta take, fitar da ita yake nema. Ƙarfen da aka yi wa siririn fenti marar sheƙi ya fi ƙarfe mai ƙyalli sakin zafi, ko da yake ribar ba ta da yawa, don mafi yawan aikin iska ke yin sa. Kaurin fenti da dattin da ke ƙarƙashinsa su ne abin tsoro, launi ba ya cikin masu laifi.

Inda na saɓa da tsohon

Ba zan yabe shi in bar aibinsa ba, don shi ma yana da shi.

Na gan shi yana wanke ƙananan sassa da fetur a cikin buɗaɗɗen kwano, ga murhun mai shayi bai fi taku biyar ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya tarar da garwashi wuta ta biyo shi ta komo cikin kwano. Da na yi magana ya ce shekara talatin yana haka ba abin da ya faru. Wannan ba hujja ba ce, sa'a ce. Kananzir ko gazuwal sun isa wannan aiki. Na kuma gan shi yana feshi ba abin rufe hanci, yaransa biyu suna tsaye a bayan iska suna shaƙa. Ruwan wankin da baƙin mai a ƙasa ya zubar da su, a hanyar da awakin unguwa ke bi. Aikin da ya gyara ƙarfe ya ɓata ƙirjin yaro bai cika ba.

A wuri ɗaya, da ya gaji, ya sa buroshin wayar ƙarfe a jikin alminiyam. Ya bar zane, kuma ƙananan gutsattsarin waya sukan maƙale su yi tsatsa daga baya. Buroshin tagulla ko na roba ya kamata. Sannan murfunan da ya bari ba fenti suna da kyau, amma bai gaya wa dattijo cewa sai an riƙa goge su ba. In damina ta zo aka manta da su, farin garin nan zai komo.

Abu na ƙarshe, tsohon ba ya bayani. Duk abin da na rubuta a sama sai da na yi ta tambaya kafin ya faɗa. Yaransa suna ganin yana jira tsakanin shafi da shafi, ba su san dalili ba. Ranar da suka buɗe nasu wuri, mai babur yana tsaye a kansu yana gaggawa, jiran nan shi za su fara yarwa. Ina tsoron mai fentin farko ma daga irin wannan rumfa ya fito: ya ga hannu, bai ji dalili ba.

Ko fentin ya cancanci kuɗinsa?

Fenti ba ya ƙara wa inji ƙarfi, ba ya rage shan mai, ba ya hana hayaƙi. Wanka da gari ba ya maganin yunwa. Wanda kuɗinsa kaɗan ne ya fara da canza baƙin mai a kan lokaci, da wanke matatar iska, musamman lokacin hunturu, da daidaita bawul. Injin da aka wanke tas aka bar shi da tsufansa ya fi wanda aka yi wa kwalliya a kan datti. Amma in an gama gyara kuɗi ya ragu, fentin kirki ba almubazzaranci ba ne. Yana tsare alminiyam daga ruwa, yana sa wanki ya yi sauƙi. Kuma mun san inda injin da aka yi watsi da shi ke ƙarewa: wurin maƙeran da ke narka shi su zuba tukwane da ludaya. Injin dattijon nan ya girmi wasu daga cikin ɗalibaina, har yanzu yana kai shi gona ya komo.

Ga wanda zai sayi babur na hannu kuwa, ga ƴar shawara. Ka je da rana, kada ka je da almuru. Ka dubi kan notuna da robobi da bakin gaskit. In fenti ya hau su, ka san a tsaye aka fesa. Ka sa farce tsakanin haƙarƙari. Ka kwanta ka dubi ƙasan inji, ka ƙwanƙwasa da makulli, don inda aka cusa gam ba ya amsawa kamar ƙarfe. Ka taɓa injin ka tabbata da sanyinsa kafin a tayar, ka dubi salansa: shuɗin hayaƙi alama ce yana ƙona baƙin mai. Ka karanta lambar inji da bakinka, ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da ta takarda. In an ce maka an yi sabon fenti, ka tambaya me aka gyara kafin fentin, wa ya gyara. Dillalin da ya yi fushi da wannan tambaya ya riga ya ba ka amsa.

Ɗalibina yanzu ya kankare sauran fentin da hannunsa, kaɗan-kaɗan, kowace Lahadi. Injin ya fito da tabon walda a gefe, ba shi da kyan gani. Na tambaye shi ko zai sake fesawa. Ya ce, "Malam, sai na biya maiɗakina adashenta tukuna."

Allah shi ba mu sana'a mai albarka, shi kiyaye mu daga cutar juna. Wassalam.